Mushe Abdulhadi, Wanda Ya Gina Mana Duwatsu a Dungas

Kullum da safe, kafin a buga ƙarfen shiga aji, malaminmu Mushe Abdulhadi yakan jingine kekensa a gindin dogon-yaron da ke bayan kolej ɗin Dungas, ya ɗauki buta, ya zagaya ya duba duwatsunsa. Shi ya gina su da hannunsa, da laka da ciyawa, irin kwaɓin da ake ginin rumbu. Mafi tsawonsu bai wuce ƙugun mutum ba. Inda awakin gari suka karce sai ya yayyafa ruwa ya shafe. Damina ta zo ta narkar da su, in an koma lakwal, wato makaranta, ya sake kwaɓa laka. Haka ya yi tun yana saurayi har furfura ta cika gemunsa. Bana ya ajiye alli, ba don ransa ya so ba. Yanar ido ce ta rufe masa gani.

Ni Hidaya ce, ɗaya daga cikin ɗaruruwan da suka zauna a gabansa suna koyon labarin ƙasa, kuma na ga bai dace ya tafi shiru ba.

Ƙasarmu rairayi ce shimfiɗe, sai gero da dawa da gyaɗa. Daga Kwaya har Dogo-Dogo, abin da ya fi tsawo a idonmu shi ne kuka da ƙarfen salula. Yaron da bai taɓa leƙa Damagaram ba, bai san wani dutse ba sai na niƙa. Irin waɗannan yara aka ba Mushe aka ce ya koya musu manyan duwatsun duniya. Da ya ga zane a allo ba ya shiga kanmu, sai ya fitar da mu waje.

Yakan riƙe karan dawa yana nunawa. "Wannan Atlas ce, ƙololuwarta Tubkal tana Maroko. Wannan Ahaggar ta Aljeriya. Wannan Tibasti ta Cadi, ga Emi Kusi nan, babu wanda ya kai shi tsawo a duk Sahara. Wannan kuwa namu ne, Azbin, wanda littafi ke kira Ayar. Ga Bagazam, ya ɗan haura mita dubu biyu." Himalaya ita ya jingine ta da katanga, ya ce ko a laka ba ta yarda a ƙanƙanta ta. Tsakanin kowane duwatsu biyu yakan sa yatsa ya buɗe 'yar hanya, ya ce ita ce ƙofa, kamar Kaibar da ke tsakanin Afganistan da Pakistan. Ta nan fatake ke bi, ta nan mayaƙa ke bi, cuta ma ta nan take shiga gari.

Darasin da muka fi so shi ne na buta. Yakan tsiyaya ruwa a kan Bagazam, mu ga yadda yake gangarowa ya haɗu a kwari ɗaya ya kwashe tsinkayen da muka jera a ciki. Sai ya ce, "Kun gani? A kan dutse aka yi ruwan, amma na ƙasa ya ci. In kun je ƙasar duwatsu da damina, kada ku sauka a cikin busasshiyar ƙorama, ko da rana na dukan kanku."

Wata rana Gidaɗo, ɗan Fulanin da ke zama a bayana, ya ɗaga hannu. "Mushe, kai ka taɓa ganin duwatsun nan?"

"Ban taɓa ba, Gidaɗo. Iyakata Damagaram. Amma ku za ku gani."

Sun kuwa gani, sai dai ba yadda ya yi fata ba. Damina ta yi ta gardama, hatsi ba ya kaiwa ga shuka, ga labarin zinari yana zuwa daga arewa. Samarin Dungas da Magarya suka fara hawa manyan motoci. A cikinsu har da Salim, ɗan Mushe namiji ɗaya tilo, wanda ya gama kolej ya zauna gida babu aiki. Mahaifiyarsa, Inna Baturiya, ta yi kuka ta gaji. Mushe bai hana shi ba. Ya raka shi tasha ya ce, "Ka je, Allah ya tsare. In ka ga Bagazam ka duba mini shi da kyau, ka zo ka gaya mini ko na gina shi daidai."

Abin da ya faru a hanya Gidaɗo ya ba ni labarinsa, don mota ɗaya suka shiga da Salim. Sun wuce Agadas sun shiga cikin duwatsu, injin ya yi zafi da tsakar rana. Direba ya gangara cikin wata faffaɗar ƙorama mai yashi da inuwar goruba, aka sauka, wasu suka hura wutar shayi, wasu suka miƙe. Sama garau take a kansu. Can nesa, a kan duwatsu, hadari ya yi baƙi ƙirin.

Salim ya taɓa kafaɗar Gidaɗo ya nuna masa. "Ka tuna butar Baba?"

Suka bi mutane ɗaya bayan ɗaya suna roƙo a hau gaɓa. Wasu suka yi musu dariya, wasu suka tashi don kunya kawai. Ba a gama hawa ba aka ji wani ruri kamar garken shanu ya taso. Kowa ya ruga. Sai da suka kai tudu aka tuna akwai wani dattijo mutumin Yekuwa da zazzaɓi ya kwantar a ƙarƙashin mota. Salim ya koma. Ya goyo shi har bakin gaɓa, ya tura shi sama, Gidaɗo ya kama hannun dattijon ya ja. Da ya sake miƙa hannu don Salim, ruwan ya riga ya kwashe masa ƙafafu. Kashegari masu lambun wani ƙauye suka same shi a maƙale cikin saiwar goruba. Su suka yi masa sutura. Duk motar, shi kaɗai aka rasa.

Bayan sadakar bakwai Mushe ya koma aji. Waɗanda ke kolej a shekarar sun ce bai tsallake darasin buta ba. Ya tsiyaya ruwan, ya faɗi kalmomin nan nasa kamar yadda ya saba, sannan ya juya baya ya daɗe yana kallon katanga.

A gida abin ya fi nauyi. Inna Baturiya da kanta ta faɗa mini cewa wata rana ta kasa daurewa ta ce masa, "Malam, kai ka cusa masa duwatsun nan tun yana rarrafe. Da ka bar shi da gonarsa." Ta ce bai musa ba. Ya ce, "Ni ne," ya ɗauki buta ya fita. Watanni suka yi ba su haɗa ido sosai ba.

Da hutu ya zo, Mushe ya nemi Gidaɗo, wanda ya dawo gida, ya raka shi. Haka mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da duwatsu ya ga dutse na gaskiya karon farko, a kan hanyar zuwa kabarin ɗansa. Gidaɗo ya ce da Bagazam ya bayyana, Mushe ya roƙi direba ya tsaya. Ya sauka ya tsaya a gefen hanya, hularsa a hannu, yana kallonsa har fasinjoji suka fara ƙorafi. Da ya dawo mazauninsa ya ce a hankali, "Gidaɗo, na gina muku shi da santsi. Ashe baƙi ne, duk kaifi."

Masu lambun suka kai shi kabarin. Ya yi addu'a, ya gode musu, ya duba inda ruwa ya bar alama a jikin gaɓa, ya duba inda aka kwantar da yaron. Da ya dawo Dungas ya zauna a gaban matarsa ya ce, "Na gan shi. Mutanen kirki ne, a tudu suka sa shi. Ruwa ba ya kaiwa can." Ranar suka yi kuka tare. Da aka koma lakwal, ya rushe Azbin ɗinsa ya sake ginawa da ɓaraguzan baƙar tukunya, kuma Inna Baturiya ce ta tara masa su.

Mushe, kai ne ka tada dutse a kan rairayi. Kai ne ka sa 'yar manomi daga Kwaya ta san duniya ba ta ƙare a kasuwar Magarya ba. Darasinka ya tsirar da mota guda ta mutane, ya bar ka da ɗaki babu kowa, amma ba ka yi fushi da shi ba. Bayan rasuwar Salim, samari da yawa da ba su taɓa shiga lakwal ba sukan biyo gidanka kafin su hau mota. Ba ka taɓa korar ko ɗaya ba. Kakan tsuguna ka zana musu hanya a ƙasa, ka nuna musu inda duwatsu suke da inda ƙofofinsu suke, ka ce wa wanda zai iya haƙura ya haƙura, wanda ba zai iya ba ka sa masa albarka.

Ba a yi masa wani babban biki ba ranar da ya bar aiki. Abokan aikinsa da 'yan lakwal suka taru a tsakar kolej, aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Dattijon nan na Yekuwa ya zo a amalanke, ɗauke da jikansa da aka raɗa wa suna Salim. Mushe ya karɓi jaririn, ya shafa fuskarsa da yatsu don ba ya iya ganinta, ya ce, "Allah ya raya shi, ya tsayar da shi a gida."

Makon jiya na je gaishe shi. Na same shi a zaure, keken yana jingine, tayoyin sun sace. Ina sallama ya ce, "Hidaya ce, mai zama kusa da taga." Bai yi mini zancen idonsa ba. Tambayarsa ɗaya ita ce ko an turo wanda zai karɓi ajinsa. Na ce ban ji ba tukuna. Sai ya ce, "To, yaran bana fa?"

Mun gode, Mushe. Allah ya saka maka, ya jiƙan Salim, ya ba Inna Baturiya dangana. Ku kuma matasan malamai da ake turowa ƙauyukanmu, in kun tarar babu taswira babu littafi, kada ku naɗe hannu. Akwai wanda ya yi aikin nan da laka da buta, yana nan da ransa, ku je ku tambaye shi. Mu da muka zauna a gabansa kuwa, mu je mu gaishe shi tun yana nan. Ba ya ganin fuska yanzu, don haka in ka yi sallama ka faɗi sunanka. Zai tambaye ka inda ka je a duniya. Ka cire takalmi ka zauna, ka ba shi labarin a tsanake.