Ruwan Famfo a Kwalbar Bodil

Duk wanda ya san Bodil Thygesen a tsibirinmu ya san mace ce da ba ta san tsoro ba. A gidan bandar kifi ta ƙare ƙuruciyarta, hayaƙi ya dafa mata fata, bakinta kuwa ko masunta shakkarsa suke yi. 'Ya'yanta sun tsallaka birni tuni, gidan ya rage daga ita sai mijinta Aksel, wanda mantuwa ta ci ƙarfinsa har yakan tambayi inda banɗakin gidansa yake. Ita ke masa wanka, ita ke shafa masa man shanu a baƙin burodi.

Tun da al'ada ta ɗauke mata, ciwon fitsari ya sa ta a gaba. Ya zo da raɗaɗi kamar barkono, ta sha magani ya lafa, kafin ta huta ya dawo. Ta ɗauke shi abin kunya kawai, har ranar da ya hau mata ƙoda, zazzaɓi ya juya mata kai. Maƙwabciyarta Tove ce ta tsince su ita da Aksel a tashar jirgin ruwa da silifas, cikin sanyi, Bodil na cewa tana jiran mahaifinta ya dawo daga kamun kifi, mutumin da ƙasa ta daɗe da rufe wa ido. Aksel yana riƙe da gefen rigarta.

Bayan an sallamo ta daga asibiti, wata ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ta zo, ta sha kofi, ta ce cikin murmushi in aka sake haka za a nema wa Aksel gado a gidan tsofaffi can ƙetaren ruwa. Da zaginta ta yi da ya fi sauƙi. Daga ranar Bodil ta koma matsoraciya, ko banɗaki za ta shiga sai gabanta ya faɗi.

Likitarta ta sa ta cikin wani bincike na mata irinta. Ana karɓar fitsarinsu lokaci-lokaci, ana neman alamomin da za su nuna ciwon na tafe tun bai taso ba. Amma a wurin Bodil asibiti da hukuma bakinsu ɗaya. Sai ta riƙa ɗirkar ruwa kafin ta cika kwalbar gwajin don kar a ga komai, wani lokacin ma ta ƙarasa da na famfo. Tove ke kai kwalbar in za ta tsallaka cefane.

"Ke tsohuwar nan," in ji Tove, ta ɗaga ta a hasken taga, "wannan fitsari ne ko raɓa?"

"Kai musu aka ce ki yi, ba ɗanɗanawa ba."

Wata safiya Ditte, mai kula da binciken, ta bugo waya. Ta ce ba su ga komai a kwalabenta ba.

"To madalla," in ji Bodil.

"Babu wani madalla. Ko abin da ake samu a fitsarin mai lafiya babu. Bodil, ba hukuma muke kai wa ba. Ban ce mun gano alamar ba, nema muke. Amma in ciwon na jikinki yanzu, ke kika rufe mana ido."

Bodil ta ajiye wayar. Tun asuba take jin raɗaɗin tana yi wa kanta ƙarya. Ta buɗe firiji za ta ɗauko madara, sai ga tabaraunta kusa da cuku. Ko mantuwar kowa ce, ko kan ne ya fara juyawa, ba ta sani ba, kuma babu wanda za ta tambaya a gidan. Tsoro ya kama ta.

Ta lallaɓa ta cika kwalba ba tare da haɗi ba, ta ƙwala wa Tove kira ta katanga. Tove ta dubi launin abin, ta dubi fuskarta, wannan karon babu tsokana.

"Ki ce su duba yau," in ji Bodil. "In kin dawo ki kwana nan. In na fara shirme, likita za ki kira, kin ji? Likita."

Aksel ya fito daga ɗaki, rigarsa a bai-bai.

"Wa ne ba shi da lafiya?"

"Ni ce, Aksel."

Ya kama hannunta ya riƙe gam.

"Kar ki ji tsoro," ya ce. "Ai ina nan, zan kula da ke."