Ƙaltume Mai Daɓen Ƙuba

Kullum da sassafe Hajiya Ƙaltume kan hau bas daga unguwar Harra ta Gabas zuwa Ƙuba, a nan Madina. Can cikin wani tsohon lambun dabino aka gina gidajen gargajiya don masu ziyara: na Hijaz, na Yaman, na Bukhara, da namu na Hausa. Shekara goma sha ɗaya ita ke share ɗakinmu, tana goge tasoshi, tana zazzaga wa duk wanda ya shiga da takalmi faɗa. Ni ma na sha nawa rabon.

Bara ruwan sama ya ɓarke ya shiga ɗakin, ƙasan ya farfashe, saura kwana tara bikin shekara. Osman, mai kula da wurin, ya ce ko a zuba siminti ko a rufe ɗakin.

"Ya Hajja, wallahi ma fi wagt, babu lokaci," in ji shi.

"Siminti? A ɗaki irin wanda aka haifi uwata? Ba ni kwana bakwai, ya waladi, ɗana. In ban yi daɓe ba, ka rufe."

Daɓe sai da makuba, Madina kuwa ba ɗorawa. Ta sayo bagaruwa a shagon wani ɗan Sudan ta jiƙa. Khalilu kafinta ya sassaƙa madaɓai. Ta bi gida-gida ta tara mata goma sha huɗu, wasu rabonsu da madaɓi tun Damagaram. Wafa, malamar makaranta haifaffiyar unguwar Azizya, hannunta ya yi bororo tun ranar farko, amma ta ƙi tashi. Ƙaltume na ba da waƙa, suna amsawa, suna duka, suna yayyafa ruwan bagaruwa.

Rana ta shida Osman ya kwara bokitin ruwa a ƙasan don gwaji. Ruwan ya kwanta bai nutse ba. Guɗar da aka rangaɗa har gidan Bukhara an ji ta.

Ke ce uwar daɓe, Hajiya. Ba don ke ba, da jikokinmu sun tarar da ƙofarmu a kulle, ta kowa a buɗe. Mun gode, Allah ya saka da Aljanna.

Watan nan za ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Mata, ku je ku koya tun tana iya nunawa. Ta ce ba ta son tukuici, ku dai taho da hannuwanku.