Shekarar da Fara ta Ci Ganye

Yau na ga fara a gonarmu, sai na tuna kakana. Shekarar da ta cinye mana ganyen hatsi, ya ɗaga wani yagagge yana duba shi a rana.

"Amarya," ya ce da ni cikin wasan kaka da jika, "ke da ke makarantar boko, zangarniya za ta cika?"

Ni ban iya kwana-kwana ba. "Ba ta cika, Kaka. Cikin ganye akwai siraran fatu kore, su ke kama hasken rana su mai da shi ƙarfin haɗa sukari. Babu ganye, babu tsaba."

Ya ce, "Na ji. Bari uwarki ta gama cin tuwo tukuna, kafin ki faɗa mata."

Allah ya haskaka makwancinka, Kaka, ya tsare mana damanar bana.