Shirun Malam Ladan a Kan Reshen Illela

Da hantsin Talata ina shirin shiga taron majalisar jami'a sai wayata ta yi ƙara. Nasiru ne, babban ɗan Malam. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce, "Yaya Haliru, Baba ya cika." Na yi salati, na sa aka ɗage taron, na kama hanyar Illela.

Farfesa Ladan malamina ne tun ina ɗalibi, kuma shi na gada a shugabancin jami'armu. Ya karɓe ta tana 'yar ƙarama, ya bar ta da sabbin tsangayoyi, da ɗakunan kwanan ɗalibai mata, da rassa a wasu garuruwa. Da ƙafa yake zagaya aiki. Idan ya tarar da famfo yana zuba ba ya faɗa, sai ya tsaya a wurin cikin rana har labari ya kai ga mai gyara, ya taho da gudu.

Da wa'adinsa ya cika, an so a ƙirƙira masa wani muƙami don ya zauna kusa. Ya ƙi. Ya miƙa mini makullin ofis ya ce, "Daga yau kai as shugaba. In ka gan ni cikin makarantar ga, to biki anka gayyace ni." Ya koma Illela, ya kama lambun albasa a bakin tafkin Kalmalo.

Mutanenmu kuwa ba su rabuwa da kamun ƙafa. Duk wanda na hana wani abu sai ya cika mota da mai ya nufi Illela kai ƙarata. Malam zai saurare shi tsaf, ya sa a kawo masa fura, ya raka shi har bakin mota. Da ƙara suke tafiya, da buhun albasa suke dawowa.

Sai ga maganar reshen Illela. Shi ya buɗe shi a garinsu domin 'ya'yan 'yan kasuwa, har da masu tsallakowa daga Konni ta Nijar, kuma kowa ya san ya fi son sa a kan duk abin da ya gina. A zamanina malamai suka ƙi zama can, ɗalibai suka ragu, majalisa ta ga babu makawa sai an rufe. Ni zan sa hannu, kuma babu abin da nake tsoro kamar in ɓata wa mutumin da ya raine ni.

Na same shi a lambu na faɗa masa. Ya ce, "Izini kaz zo nema ko shawara?"

Na ce, "Duka biyu, Malam."

Ya ce, "Ban da ko guda. Ka ci abinci?"

Aka rufe reshen. Dattawan gari suka yi wa Malam tsinke, suka ce waya ɗaya zai buga Sakkwato, inda jami'ar take, a janye maganar. Ya ce musu shi manomi ne yanzu. Wasu suka daina gaishe shi a kasuwa, ana cewa ya bari an tozarta garinsu yana kallo. Ni kuwa duk Sallah ina zuwa gaisuwa, ya tarbe ni da fara'a, mu yi hirar damina da jikoki. Ko ya yarda da abin da na yi, ko yana jin haushina, ban sani ba. Nauyinsa ya hana ni tambaya, abin yana cina a rai.

Bayan jana'iza na shiga yi wa maiɗakinsa, Hajiya Inno, ta'aziyya. Na durƙusa na tambaye ta abin da na kasa tambayarsa.

Ta ce, "Tunda ka tambaya, Haliru, bai yarda ba. Har yac cika shina ganin kuskure anka yi. Hanyar da tab bi ta gaban ginin nan ya daina bi, sai shi zagaya ta bayan tasha. Na ce mai, mi ah hana ka kira shi ka gaya mai? Yac ce, 'In na buɗe baki, makaranta ta samu shugaba biyu, kuma guda ba ya da ofishin da za a tuhume shi. A bar yaron shi yi aikinai.'"

Na yi kuka a gabanta ban ji kunya ba. Har yau ina ganin rufewar ita ce daidai, shi kuma ya tafi yana ganin akasin haka. Amma ya ɗauki zagin garinsu a kan hukuncin da bai yarda da shi ba, don kawai kujerar da ya ba ni ta zama tawa.

Allah Ya jiƙan Malam Ladan, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Hajiya Inno da Nasiru da ƙannensa haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa. Mu da ke kan kujera kuma, Allah Ya ba mu ikon sauka idan ranarmu ta zo. Amin.