Ɗaurin Rai da Rai a Jamhuriyar Gajimare

Duk wanda ya taɓa aiki a Sharada ya san rumfar Aina'u, can bakin ƙofar wani kamfanin roba. Shinkafa da wake take sayarwa, da mai da yaji. 'Yar asalin Challawa ce, kakanninta sun yi noma a inda yanzu ake jimar fata. Ga baki! Ka ce mata gishiri ya yi yawa, ta ce harshenka ne ya lalace. Abin da masu lodin tirela ba su sani ba shi ne, wannan mai riƙe da ludayi ita ce Babbar Alƙaliyar ƙasa guda sukutum.

Ƙasar a cikin waya take. Guruf ne na wasa da ake kira Jamhuriyar Gajimare, leburori da 'yan adaidaita da ɗalibai, kowa da muƙaminsa. Aina'u ta shiga don rage zaman banza kafin cinikin rana, ta tarar da ƙasa ba doka ba oda. Ta ce ba za ta saɓu ba. Tana tsintar wake tana tsara musu dokokin laifi. Ɓarawon baitulmali a tuɓe shi ya koma mai shara. Saƙon murya kuwa ta haramta shi ɗungurungum, don ta gaji da ƙartin da ke cinye mata data da ihu. Mafi tsanani ita ce dokar leƙen asiri. Duk wanda aka ga yana buɗe saƙo har mako bai ce uffan ba, hukuncinsa kisa, ko ɗaurin rai da rai da aiki mai wahala. Kisa a Gajimare shi ne a cire ka daga guruf, ba dawowa. Kisan kuwa ake yi wa kowa, don ya fi sauƙi.

Sai dokar ta faɗa kan Shu'aibu, Janar ɗin sojan Gajimare. A zahiri injin narka roba yake ja, kuma a rumfarta yake cin abinci kullum. Ya yi shiru a guruf, a rumfa ma ba a ganinsa. Musbahu, mai gabatar da ƙara na Gajimare, wani ma'aikacin sito a Bompai mai son a ce ya iya, ya shigar da ƙara ya nemi kisa.

Da ta tambayi abokan aikin Shu'aibu, sai suka ce ai inji ne ya kama shi. Bayan la'asar ta zuba abinci a kula ta hau adaidaita zuwa Zawaciki. Allah sarki! Ta tarar da shi a ɗakin haya, hannayensa biyu a naɗe. Na dama ya rasa yatsu, na hagu da ya kai ceto ya ƙone. Da gefen hannu yake dangwala waya ya karanta hirar Gajimare, rubutu kuwa ina!

“Yaya Aina'u, don Allah kar ki faɗa musu,” in ji shi. “Nan kowa ya shigo sai sannu, sannu. A can ne kaɗai nake Janar.”

“To in Musbahu ya sa aka kashe ka fa?”

Ya kawar da kai. “Shi ke nan, sai ni da bango.”

Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta bar masa kular ba ta tuna ba. Ta yi alkawarin rufa asiri, doka kuma ita ta rubuta ta da hannunta. In ta karya ta don nata, gobe wa zai ji tsoron kotu?

Ranar shari'a guruf ya cika maƙil. Aka kira wanda ake tuhuma, shiru. Musbahu ya rubuto, “Ya Mai Shari'a, ga shi nan yana karantawa. Doka taki ce.”

Aina'u ta goge mai a zaninta ta ɗauki waya. “Kotu ta same shi da laifi.” Ta bar su suka gama zuba hoton takobi, sannan ta ci gaba. “An yanke masa ɗaurin rai da rai. Aikin wahalarsa, kullum safiya zai karanta wa ƙasa labarai da muryarsa.”

Musbahu ya yi tsalle. “Saƙon murya haramun ne a Gajimare!”

“Ga mai 'yanci ba. Fursuna abin da kotu ta sa shi shi zai yi. Kuma duk wanda ya cire shi daga guruf ya fasa kurkuku, sai in ga wanda ya isa.”

Shugaban ƙasa, wani ɗan adaidaita a Dakata, ya sa hannu.

Washegari tana tsakiyar zuba wa leburori abinci saƙo ya shigo. Ta jefa wayar cikin kwanon silba don murya ta fito sosai, ta danna.

“Assalamu alaikum 'yan Gajimare. Nan Rediyon Kurkuku, Janar Shu'aibu ke magana. Labarin farko, an hango mai gabatar da ƙara yana neman wanda zai kashe bai samu ba.”

Rumfa ta kaure da shewa. Abokan aikinsa, da suka san halin da hannayen nan ke ciki, suka riƙa cewa a sake sawa. A guruf kuwa dariya ake ta zubawa, wasu na roƙon a ɗaure su su ma. Ba wanda ya ce masa sannu.

Daɗi ya kama Aina'u har sai da ta rangaɗa guɗa a gaban tireloli. Ranar, ita da ba ta san ƙari ba, kowa sai da ta ƙara masa wake.