Rainon Jika a Gindin Tagar Aji

Makoɗa zuwa Minjibir

Ana idar da sallar asuba Malam, maigidana, ya ɗauke ni a babur zuwa bakin titi, da ƙullin dawo da soyayyar gyaɗa a cinyata. Babbar 'yata ce ta kira ni. Tana koyon aikin koyarwa a wata ƙaramar sakandare a wani ƙauye kusa da Minjibir, kuma ranar ce malamar kwalejinsu za ta zo duba ta karo na ƙarshe. A zuwan farko jaririnta ya yi ta tsala kuka har ta bar ajin. In aka sake haka, sai ta maimaita shekara.

Bas ɗinmu ta cika da masu kai gyaɗa kasuwa. Gari na wayewa na ga ikon Allah: dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, dammunan gero jingine a kowace gona, babu tazarar kirki tsakanin wannan gari da wancan. A shingen 'yan sanda direba ya ce, "Yallaɓai, kakar jariri na ɗauko, aikin gwamnati za ta."

"To a wuce da Hajiya, kada a kore ta."

Ƙauyen

Daga Minjibir ɗan acaɓa ya bi da ni ta burtali, muka isa da hantsi. 'Yar tawa ta miƙo mini yaron. Na goya shi, na zauna a gindin tagar ajin.

Darasin a kan yadda ake faɗin abin da za a yi nan gaba ne da Turanci. Ni ma na yi sakandare, amma kalmar will kaɗai na fito da ita. Sai ga yarinyar da ko baƙo ba ta iya gaisarwa sai ta laɓe a bayana, tana bayani tiryan-tiryan: abin da aka riga aka tsayar da mutane, kamar gayyar cirar gyaɗa ranar Asabar, da tasa hanyar, abin da mutum ya ƙudurta a ransa, da tasa, wanda ya yanke yanzun nan, shi ma da tasa.

Yara suka fara kawo misali, kowa ya gama jimlarsa sai ya ce in sha Allahu. Malamar kwaleji ta ɗago kai.

"Malama Rukayya, wannan ƙarin yana cikin littafin?"

"Ba ya ciki, Hajiya. Amma da na hana su, babu wanda ya yarda ya buɗe baki a kan gobe."

Ban ji amsar Hajiyar ba, don a daidai nan yaron ya fara mutsu-mutsu. Kafin ya ɓare baki na tashi da sauri, na kutsa gonar dawa da ke bayan makaranta, ganye na yankar hannuna. Sai da na yi nisa ya saki kukan. Ina jijjiga shi ina salati, raina yana can gindin taga. Ragowar darasin ban ji komai ba, sai in sha Allahun yara da iska ke kawo mini jefi-jefi.

Da aka kaɗa ƙararrawa na fito, duk ƙaiƙayi a mayafina. Hajiyar ta tare ni.

"Ke ce mahaifiyarta?"

'Yar fari ce, bakina ya yi nauyi. Na ce, "Kakar wannan ce."

Ta yi dariya. "To kakar wannan, 'yarki ta ci. Ni kaina da na tashi faɗa mata ranar karɓar sakamako, sai da yaran suka sa ni na ce in sha Allahu."

Komawa gida

Mun ci tuwon dawa da miyar kuka a gidan da 'yar tawa ta sauka, na yi azahar, na kamo hanya. Na shiga Makoɗa ana kiran magariba. Malam ya tambaye ni yadda ta ƙare darasin, na ce sai dai ya tambayi 'yarsa, ni ina cikin dawa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma riƙe bakin yaron nan har na yi nisa.