Koriyar Fitilar Babur ɗin Baba

Babur ɗin marigayi Baba ya girme ni. Tun rasuwarsa yake jingine a zaurenmu na Tudun Wada, ni kaɗai ke tayar da shi ranar Juma'a. Sai ya fara zubar da baƙin mai ta ƙasan inji, daidai ɗan makunnin da ke kawo koriyar fitila idan giya tana firi. Ɗigon ya gangara har tabarmar da Yaya, babban wanmu, yake ba da karatu a kai, ya ɓata masa bakin riga. Ya ce ko in gyara, ko ya kira 'yan gwangwan su auna shi a kilo. Babur ɗin Baba fa, a kilo.

Na hau shi zuwa Kwangila, wurin wani bakanike da aka cika mini kunne da yabonsa. Na tsuguna na nuna masa wurin da yatsana.

"Malam, robar bakin makunnin ce ta mutu. Ita kawai za ka canja."

Ya ce an gama, in je in yi La'asar.

Da na dawo ɗigo ya tsaya cak. Na murɗa makulli, fitila shiru. Ina leƙawa na ga ɗan banzan aikin da ya yi: ya cire makunnin ɗungurungum, ya ɗaura ƙaton noti a ramin, ya lafta gam, wayar kuma ya datse ta.

"Ina makunnin?"

"Haka muke yi wa duk tsofaffin nan, Alhaji," in ji shi, ko kunya babu. "Wa ke kallon fitila? Da ƙafa ake jin firi."

Wai ya jefa shi cikin tarkace, kuma mai sayen ƙarfe ya zo ya kwashe ina masallaci. Wallahi raina ya ɓaci. Wa ya aike shi? Na ce roba, ya ji da kunnensa, ya amsa. Na karaɗe shagunan kayan babur, duk wanda na kwatanta wa sai ya yi dariya ya ce an daina kawo irinsa tun yana goye.

Baba bai taɓa buga kik ba sai fitilar nan ta kawo. Ina ƙarami yakan ɗora ni a kan tanki, aikina in zuba mata ido in ce, "Ta kawo, Baba," sannan ya yi bisimilla. Wannan aikin na danƙa wa 'yar autata.

Yaya ya duba ƙasa, ya ga babu ɗigo, ya ce madalla, bakaniken ya iya aiki.

Juma'ar da ta biyo na ɗora yarinyar a kan tanki, na murɗa makulli. Ta ƙura ido, ta goge gilashin da bakin hijabinta, ta sake jira. Can ta waiwayo.

"Baba, tsaya tukuna. Ba ta kawo ba."